Tayin jami'o'in Amurka: yadda ake gane wanda aljihu zai ɗauka

Kowace jami'a a Amurka tana fitar da adadi guda na abin da shekarar karatu za ta ci. Wani ɓangarensa ita ke karɓa da hannunta: kuɗin karatu, rajista, ɗaki da abinci ga mai zama a cikin makaranta, da inshorar lafiya, wadda yawanci dole ce ga baƙin ɗalibai. Sauran ƙiyasi ne kawai, na littattafai da sufuri da ƙananan buƙatu. Da wuya ƙiyasin ya ɗauki tikitin jirgi daga Kano ko Abuja, balle rigunan sanyi.

Wannan adadi shi ne kuma iyakar tallafi. Kyauta da bashi da duk abin da za a haɗa wa ɗalibi ba sa wuce shi. Idan gwamnatin jiharku ko wata gidauniya ta ƙara wa yaro wani abu, dole a sanar da jami'ar, ita kuma tana iya rage nata. A tambaye ta a rubuce tun da wuri: daga bashi za ta rage, ko daga kyautar?

Girman sikolashif yana ruɗin iyaye. A ce wata jami'a kuɗinta dala 85,000, ta ba da kyautar 60,000. Wata kuɗinta 42,000, ta ba da 22,000. Ta farko ta bar muku 25,000, ta biyu 20,000. Kyauta kaɗai ake cirewa a wannan lissafi. Wasu takardun tayin suna jera bashi da albashin aikin da ɗalibi zai yi a makaranta a layi ɗaya da kyauta, alhali bashi ana biyansa da ruwa, albashin kuwa sai an yi aikin. Mai bizar ɗalibai ta F-1 awa 20 kawai aka yarda ya yi a mako lokacin karatu, a cikin harabar makaranta.

Mafi sauƙin kuɗi, ga wanda ya samu shiga, su ne manyan jami'o'i masu kuɗi irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst. Ba sa duba aljihun baƙo wajen ɗaukarsa, sannan suna cike duk giɓin da suka lissafa iyali ba za su iya ba. Su ke lissafin, ba ku ba, yawanci ta fom ɗin CSS Profile, inda ake bayyana albashi da gida da gona da ajiyar banki. Shigarsu ke da wuya ƙwarai.

Jami'ar jiha tana cajin baƙo kuɗin ɗan wata jiha, wanda kan ninka na 'yan gida biyu ko fiye. Kyautarta ta ƙwazo ce, kuma nan ake yawan faɗawa rami. Sau da yawa adadin a tsaye yake shekara huɗu yayin da kuɗin makaranta ke hawa, sannan akwai makin da in aka faɗi ƙasa da shi sai a janye ta. Kwalejin al'umma ta shekara biyu ta fi araha, amma tallafinta kaɗan ne, da yawansu kuma ba su da ɗakin kwana.

Tallafin gwamnatin tarayya da ake nema ta fom ɗin FAFSA na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Ko su ɗin, ɗalibin da ke ƙarƙashin iyaye dala 5,500 zai iya ranta a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 daga ta uku, jimilla kada ta wuce 31,000. Baƙo sai bashin kamfani, wanda galibi ke neman ɗan ƙasa ya tsaya masa.

Jami'a ba ta bayar da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, sai an nuna shaidar kuɗin shekarar farko, bayan cire kyauta. Akwai dala 350 na SEVIS, wato rajistar baƙin ɗalibai ta gwamnatin Amurka, da kuɗin neman biza, waɗanda da aljihunku za a biya kafin tafiya. Ɓangaren kyautar da ya shafi ɗaki da abinci kuma ana iya cire masa harajin kashi 14 cikin ɗari. Duk abin da ya rage a kanku a ninka shi huɗu, a ƙara wani abu saboda hauhawar kuɗin makaranta da tashin dala, kafin a biya kuɗin riƙe gurbi, wanda yawancin jami'o'i ke rufe karɓarsa ranar 1 ga Mayu.