Ƙaramin obin na lantarki da kek ɗin 'yan makaranta: ra'ayina daga Agege

Iyayen yara da muke haɗuwa a ƙofar Islamiyya sun sha tambayata ko ƙaramin obin ɗin nan na kan tebur ya cancanci a cire kuɗi a saya. Amsata ita ce e, ga uwar da ke son sanin abin da ke shiga kwanon makarantar 'ya'yanta. Ga mai niyyar sana'ar kek kuwa, ta ƙara haƙuri ta tara kuɗi ta sayi babba mai gas, don wannan ba zai ɗauki nauyin biki ko suna ba.

Nawa mai lita 45 ne, yana jan watt 2,000. Abban yara ne ya sayo shi a kasuwar Alaba da ke Ojo, ranar da wata hidima ta kai shi Alaba Rago. Irinsu sun cika kasuwa, akasari ƙirar ƙasar Sin, suna daban-daban amma jiki kusan ɗaya: ƙofar gilashi, sandunan zafi a sama da ƙasa, sai maɓallan murɗawa na zafi da na lokaci da na zaɓen inda wuta za ta fito. Girman shi ne abin dubawa kafin suna. Farantin kek mai gurbi 12 yana shiga nawa daidai, ƙofa ta rufu. Na maƙwabciyata ƙarami ne, mai gurbi shida kawai yake ɗauka, kuma kullum kukanta ke nan. Duk wadda za ta saya ta tafi da farantinta kasuwa ta gwada, ta kuma sa a jona shi a gabanta ta ga kowace sanda ta yi ja kafin ta biya.

Abin da ya kai ni ga sayensa ba sha'awar girki ba ce. 'Yata tana aji biyu na firamare, ƙaninta yana nazare, kuma duk wanda ke da yara a makarantun Legas ya san yadda ake yi. Kusan kowane mako wani yaro na murnar ranar haihuwa, a raba wa 'yan aji leda cike da alawa da biskit da lemon kwali, wani lokacin har da ƙananan kek na cikin takarda da suke kira kap-kek, an lafta masa kirim mai launi kamar fenti. Yarinya ta dawo gida harshenta shuɗi, abincin rana ya dawo yadda na zuba shi, ga kuma tambaya: “Umma, mu yaushe za mu kai namu?” Mu gidanmu ba ma bikin ranar haihuwa, amma ba na son ta tashi da jin cewa abin daɗi sai a gidan wasu. Sai muka yi yarjejeniya da ita: duk ranar da ta kammala izu, za a gasa kek ta kai wa malaminta da 'yan ajin Islamiyya sadaka. Sauran ranaku kuma guda ɗaya a kwano, tare da abinci, ba a madadinsa ba.

A wannan aikin obin ɗin ya fita kunyata. Daren Lahadi bayan isha'i nake kwaɓi, in akwai wuta. Fulawa giram 150, bota giram 125, sukari giram 80, ƙwai biyu, bakin hoda (hodar da ke sa kek ya kumbura) ƙaramin cokali ɗaya da rabi, madara babban cokali uku, da ɗigon filebo. Wannan yana cika gurbi 12 in aka zuba kowanne ya ɗan wuce rabi. Fulawar Golden Penny nake saye da botar Simas, su hannuna ya saba da su, kuma ba sa wuyar samu a kasuwar Agege. Yawancin masu koyar da kek suna sa sukari daidai da nauyin bota. Ni na rage, kowane kek ya tashi da abin da bai kai ƙaramin cokali biyu na sukari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu a rana, in ma da hali ya koma ƙasa da kashi 5, wanda ga babba kusan ƙaramin cokali shida ke nan. To yaro da ya sha shayi da safe, ga lemo a makaranta, ina ya bar wa kek wuri? Sai dai a kula, rage sukari yana da iyaka. Shi ke riƙe laima a cikin kek, shi ne kuma yake kama iska lokacin da ake buga shi da bota har su yi fari. In an rage fiye da kima kek ya fito a bushe, ya ƙi yin ja. Ranar da nake son ragewa sosai sai in dama nunanniyar ayaba biyu a ciki, ko in yayyanka dabino ƙanana. Na dabinon shi yaron ya fi so.

Yanzu ga aibin obin ɗin na farko, kuma shi ne babba. Lambar da ke jikin maɓallin zafi ba gaskiya take faɗa ba. Ƙananan kek suna son digiri 180 na tsawon minti 18 zuwa 20. Da na sa ma'aunin zafi na cikin obin, irin mai allura da ake samu a shagunan kayan kek, sai na ga in maɓalli na kan 180 allurar tana haura 200. Wurin ƙarami ne, sandunan kuma suna dab da faranti. Abin da hakan ke jawowa shi ne saman kek ya yi saurin ƙamewa tun cikinsa bai nuna ba, sai kwaɓin da ke tsakiya ya turo ya tsage shi, ya yi tsini, ƙasan kuma ya yi baƙi ya manne da takarda. Mata da yawa suna ɗora laifin a kan fulawa ko hannunsu, alhali zafi ne. Yanzu a kan 160 nake barin maɓallin, in sa faranti a matakin tsakiya, in kuma zura wani farantin da babu komai a matakin ƙasa don ya tare wutar da ke dukan gindin kek ɗin. Ɓangaren bayan obin ya fi gabansa zafi, saboda haka bayan minti 14 nakan juya farantin da sauri. Kafin lokacin ba na taɓa ƙofar, don in iska mai sanyi ta shiga tun kek bai kama jikinsa ba, tsakiyarsa zai lotsa, kuma ba ya sake tashi. Ma'aunin nan ba shi da tsada, ya kamata a ce masu ƙera obin ɗin suna haɗa shi a cikin kwali. Maimakon haka sai suka sa ƙarfen juya kaza da ban taɓa amfani da shi ba.

Sai maganar wuta, wadda a Legas ba a raba ta da kowane kayan lantarki. Ta fuskar kuɗi bai tsorata ni ba. Minti goma na ɗumama shi, minti ashirin na gashi, rabin awa ke nan, watt 2,000 kuwa a rabin awa yunit ɗaya ne, har ma yakan gaza haka domin yana kashe kansa yana kunnawa in ya kai zafin da aka sa. Ko ga waɗanda ke rukunin A na masu biyan wuta mafi tsada, da aka mayar musu yunit naira 225 a watan Afrilun 2024, kuɗin wutar kek 12 bai kai na sayen guda ɗaya a manyan shagunan Ikeja ba. Matsalar ita ce samuwar wutar da ƙarfinta. Ƙaramin janaretan da ke yawancin gidajen haya bai kai watt 1,000 ba, ba zai ja shi ba ko kusa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai tayar da babban inji saboda kek. Akwai kuma ranakun da wutar ke zuwa ba ƙarfi, kwan fitila ya yi ja-ja, fanka na juyawa da ƙyar. An ƙera obin ɗin ne don bolt 230 ko kusa da haka. In wuta ta sauko 180, zafin da sandunan ke bayarwa yakan koma kusan kashi 60 cikin ɗari, domin zafi ya fi ƙarfin wutar saurin faɗuwa. Kek ɗin irin wannan dare yakan daɗe a ciki, ya fito fari fat, mai nauyi. In na ga fanka ta yi sanyi, ba na fasa ƙwai.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi fa? In an wuce minti 12, kada a buɗe, zafin da ya rage yakan ƙarasa shi. In kuwa yanzu aka sa, sai a koma ga tukunya. Shi ya sa nake cewa kada wadda ta sayi obin ta kyautar da tsohuwar tukunyarta da yashinta. Mahaifiyata a Zariya da ita ta yi kek ɗin sallah da na bukukuwan dangi: yashi mai tsabta a gindin tukunya, gwangwanayen kifi da aka wanke aka shafe da bota, murfi a sama an zuba masa garwashi. Tawa a kan gas nake ɗorawa, wuta kaɗan. Tana gasawa, kuma da daɗi. Bambancin kawai shi ne tukunya sai an tsaya a kanta, obin kuwa yana sake mini hannu. Cikin minti ashirin ɗin nan nake duba aikin gida, in goge yunifom, in saurari haddar gobe. Ga uwar da za ta tashi tun kafin asuba, ta sa yara a keke Marwa kafin hanyar Pen Cinema ta cushe, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ainihin abin da na saya da kuɗina.

Akwai abin da nake so kowace uwa ta ji da kyau. Gilashin ƙofar falle ɗaya ne, yana yin zafin da zai saɓule fatar yaro, haka ma saman obin ɗin da gefensa. Ga shi kuma yara ba abin da suke so kamar su manna fuska su ga kek yana kumbura. Nawa a kan kanta mai tsayi yake, na ba shi tazara daga bango, ba na ɗora masa leda ko roba. Dokar gidan ita ce kallo daga bakin ƙofar kicin. Wayarsa gajera ce, wannan ma aibi ne, domin yana sa mutane su jona shi a soket mai doguwar waya mai araha, wanda siririyar wayarsa ba ta jure watt 2,000, sai ta yi zafi ta narke. Mu sai da muka kira mai gyaran wuta ya sa masa soket nasa a bango.

Aikin da babu wuta a ciki kuwa na sakar musu. Yayar ce ke tankaɗe fulawa da bakin hoda a rariya, ita ke karanta lambar sikeli, kuma na lura lissafin giram ya fi shiga kanta a kicin fiye da a littafi. Ƙaramin shi ke jera takardu a gurabe yana ƙirgawa, in ya kai goma sha biyu ya ɗaga kai ya ce, “Umma, na gama, a ba ni cokali.” Lasar kwaɓi ce ba na bari saboda ɗanyen ƙwai, kuma a kan wannan mun sha rigima da shi. Da zarar fulawa ta shiga, ni nake karɓar muciya, don yaro ba ya gajiya da juyawa, fulawa kuwa in ta sha juyi sai ta yi danƙo, kek ya fito da tauri kamar burodi. Juyi kaɗan, da farin gari ya ɓace a tsaya.

Wadda ta taso a Arewa ta kuma sani cewa ajiyar kek a Legas daban take. A gida, musamman da hunturu, bushewa yake yi. Nan laima ce ke cinye shi. A watannin Yuni da Yuli, in aka rufe shi a roba tun da ɗuminsa, zai yi gumi, samansa ya yi danƙo, kwana uku ya fara furfura, na ayaba ma ya fi saurin lalacewa. Sai ya huce sarai a kan waya nake rufewa. Na Litinin da Talata su zauna a roba mai murfi, a ɗora ta a faranti mai ruwa saboda kiyashi. Sauran su shiga firiza, in ciro guda biyu da asuba, kafin lokacin tara a makaranta sun saki. Fulawar ma ba na sayen da yawa, don ƙwari ba sa daɗewa ba su shige ta ba, bakin hoda kuma ƙaramin gwangwani, saboda in ya sha iska ƙarfinsa yana mutuwa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zuba rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba a zubar.

Wankin obin ɗin ba wuya, akwai tire a ƙasa da ake zarowa a kakkaɓe. Ƙararrawarsa tana da ƙara, ana jinta daga ɗaki, kuma tana kashe wutar da kanta in lokaci ya cika. Fentin lambobin jikin maɓallan ya fara gogewa, na sa alama da jan farce a inda nake tsayar da na zafi. Ban da kek yana gasa dankalin Hausa da cinyoyin kaza da kyau, yana kuma ɗumama burodin Agege da ya kwana ya dawo da laushinsa.

Ranar sadakar izu ce kaɗai nake jin ƙanƙantarsa. Ajin 'yata ya haura yara talatin, faranti ɗaya kuma obin ɗin ke ɗauka a lokaci guda, don in aka jera biyu na sama ya ƙone na ƙasa bai nuna ba. Dole sai zubi uku, ana yi ana addu'ar kada a ɗauke wuta. A irin wannan rana nakan haɗa da tukunya, ita ma ta ɗauki nata rabon, kuma nakan fara tun da hantsi, lokacin da wutar layinmu ta fi tsayawa.