Sharhina kan sashen ƙwaƙwalwar yara da matasa da muka kai 'yata

In dai yaro ya canza muku haka kawai, bacci ya ƙi, karatu ya lalace, ya daina kula abokansa, to ni shawarata a nemi sashen ƙwaƙwalwa na yara da matasa, don aikinsu daban yake da na manya. 'Yata shekararta 14, can muka kai ta, kuma zan faɗi mai daɗin da mara daɗin.

Ita ba kuka take yi ba, faɗa take yi, abu kaɗan ta hau sama ta buga ƙofa, ga ciwon kai da ciwon ciki kullum da safe in an zo tafiya makaranta, kowa cewa yake rashin kunyar balaga ce zai wuce. Likitar ce ta bayyana min cewa ciwon damuwa a wajen matasa sau da yawa da fushi yake zuwa, jiki ma yana taya shi ciwo. Sun ba mu wata takarda mai tambayoyi 25 da ake kira SDQ, na cike tawa ita ma ta cike tata, sannan aka ɗebi jini a duba ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato wata ƴar gaɓa da ke gaban wuya, don su ma suna iya kawo kasala da canjin hali.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne da likitar ta ce min "Mama, ki ɗan ba mu wuri." A gabanmu duka ta faɗa cewa abin da yarinya ta gaya mata sirri ne, sai dai in rayuwarta na cikin haɗari to dole iyaye su sani. Da aka kira ni na tarar da 'yata ta naɗe hannun rigarta, ga tabo ƙanana a jere na yankan da take yi wa kanta, wasu sun warke wasu sababbi, tana ta murza tishu a hannu ta ƙi ɗago kai. Likitar ba ta zaro ido ba, ba ta yi mata wa'azi ba, kai tsaye ta tambaye ta ko tana tunanin kashe kanta, ta kuma ce min tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Ranar aka ce mu kulle duk magunguna da reza na gida.

Ba su yi gaggawar ba da ƙwaya ba, wannan ma na yaba. Da zaman tattaunawa aka fara, wanda suke cewa CBT, ana koya mata ta kama tunanin da ke cewa "ba ni da amfani" ta rubuta shi ta bincika ko gaskiya ne. Sai da abin ya ƙi sauka sosai aka ƙara da maganin ciwon damuwa mai suna fluoxetine, aka gaya mana yana ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kuma a sa mata ido sosai a farkon sha don tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan magunguna na iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu yara. Kuma ba a yanke shi lokaci ɗaya.

Mara daɗin kuwa, jiran layi kafin a samu ganin likita ya yi tsawo ƙwarai, ga yarinya na shan wahala a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, to ma'aikatan sun yi kaɗan ƙwarai. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne canza mata mai tattaunawar da aka yi ana tsaka da tafiya, yarinyar da da ƙyar ta saki jiki da mutum ɗaya sai ga sabuwar fuska a ce ta faro labari daga farko, sai da ta koma shiru na wani lokaci. Makaranta ma ba su tuntuɓa ba, ni na roƙi wasiƙa na kai da kaina.

Yanzu Alhamdulillah tana bacci, ta koma aji, fushin yana zuwa amma ba kamar da ba, kuma har yanzu muna zuwa. In za ku je ku tambaya tun ranar farko ko mutum ɗaya ne zai riƙe yaron har ƙarshe, ku kuma karɓi lambar da za a kira in abu ya taso da dare.