Motocin tafi-da-gidanka a Amurka: bambancin A, B da C

'Yan uwa na gida, ga bayanin motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki, waɗanda ake kira RV a nan Amurka. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su. Aji uku ne, amma kada haruffan su ruɗe ku: A ce babba, C matsakaiciya, B kuwa ita ce ƙarama.

Ajin A kamar babbar safa take, tsawonta ƙafa 26 zuwa 45. Mai fetur injinta a gaba yake, galibi a kan shasin Ford F-53. Mai dizal kuwa a baya, shi ya sa direba ba ya shan ƙara. Idan an tsaya, bangonta na zamewa waje falo ya faɗaɗa. Sai dai akwai shan mai: galan ɗaya, wato lita 3.8, mil 6 zuwa 10 kacal yake kai ta. In nauyinta ya haura kilo 11,800, wasu jihohi irin su Tekzas sai da lasisi na daban.

Ajin B bas ce ƙarama, Mercedes Sprinter ko Ford Transit ko Ram ProMaster, ta ɗan ɗara Hiace. Tana shiga wurin fakin na kasuwa, kuma ba ta cin mai sosai. Amma masai da shawa wuri ɗaya suke, kana wanka komai na jiƙewa, gadon kuma na mutum biyu ne. Ga tsada, sau da yawa ta fi C kuɗi duk da ƙanƙantarta.

Mai iyali, a ganina, C zai nema. Kan babbar mota ne, yawanci Ford E-350 ko E-450, aka ɗora wa ɗaki, da gado a saman direba, inda yara ke kwana. Nan kuma ciwonta yake. Mahaɗar rufin wannan gadon tana shan dukan iska da girgiza, gam ɗin ya tsage, ruwan sama ya shiga ya ruɓar da katako. Kafin ka biya kuɗin ta-hannu, danna bangon wurin da hannu. In ya lotsa, haƙura. Duba shekarar taya ma, don bayan shekara 5 zuwa 7 robar na tsagewa ko da zanen bai cinye ba.

Tanki uku ne a A da C: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka, na bayan gida. Ana fara zubar da na bayan gida, sannan na wanka ya ɗauraye tiyo. Kada a bar bakin na bayan gida a buɗe, ruwan zai tsiyaye ƙazanta ta daskare. Kafin hunturu kuma a zuƙe ruwan bututu, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa su.

Mai sha'awar kawo ɗaya gida ya sani wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. In ba taransifoma, firiji da AC za su ƙone.