Corolla 2004: shekara tara ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai ranar sayarwa na gano abin da aka yi min

Da ba zan ce komai a kan motar nan ba, amma ranar da aka ɗora ta a bayan babbar mota aka tafi da ita na tsaya ina kallon inda take kwana, ko ɗigon baƙin mai babu a kan simintin, wallahi sai da na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Corolla ce ƙirar 2004, mai injin 1ZZ-FE lita 1.8, giyar hannu. Ta hannu na saye ta, shekara tara tana wurina, kafin mu rabu mita ta haura kilomita 340,000. A duk tsawon nan abin da na canja bai wuce famfon ruwa da lagireto da koyil ɗaya da kuloci sau ɗaya ba, sai su birki da taya da fulogi da kowace mota ke ci. Injin nan sarƙa gare shi ba bel ba, don haka ban taɓa zama da fargabar da masu bel ke zama da ita ba, wai ya tsinke a hanya fistin ya daki bawul a tashi da gyaran rabin inji. Da ta manyanta ta fara ɗan shan baƙin mai, nakan ƙara mata kafin lokacin juye ya yi, kuma ban riƙe ta da wannan ba. Da safe murɗa ɗaya take tashi, ko da sanyi ko da ruwa.

Ba lalacewa ta yi ba ma. Tana ajiye a gefen titi babu kowa a ciki wata babbar mota ta kwaso ta daga baya, but ya shige har kujera. Mai gyaran bodi ya zagaya ta sau biyu ya ce zai iya ja ya miƙar, amma shasi ya riga ya karkace, za ta dinga cin taya gefe ɗaya har abada, kuma kuɗin aikin zai fi abin da motar za ta yi a kasuwa. Shi ne na haƙura na kira masu yanka motoci.

To a nan ne abin ya faru. Mutumin da ya zo ya san aikinsa, bai yi mata kuɗin goro ba. Ya tayar da inji ya kasa kunne, ya yi wa inji da giyabos kuɗinsu daban tunda lafiyarsu ƙalau wata motar za su shiga, batir daban saboda dalmar da ke ciki, altaneta da kik saboda jan ƙarfe, sauran gangar jiki kuma a kan sikeli, ita ce ma mafi arha duk da ita ce mai nauyin. Sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya shige ƙarƙashi da sifana a hannu, na ji ya ƙwanƙwasa wani abu, ƙwal ƙwal kamar gwangwanin da ba komai a ciki. Ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, ɗan sunkuyo ka gani." Ya haska min da fitilar waya, ga layin walda nan a jikin tukunyar katalis, an tsaga ta an mayar an liƙe, har waldar ta yi tsatsa. Ya ce, "Ai wannan an daɗe da kwashe shi."

Ni a da abin da na sani game da katalis kawai wani kumburi ne a jikin salansa. Ashe a ciki akwai wani abu na tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da filatinum da faladiyum da rodiyum, su ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. 'Yan giram ne kawai, amma ƙarafa ne masu tsadar gaske, rodiyum ma a 2021 ya ninka zinariya sau da yawa, shi ya sa satar katalis ta yi ƙamari a Amurka da Ingila a lokacin. A mota irin tawa da ta tashi daga aiki, yana cikin abubuwan da mai saye ke fara dubawa. Nan take ya zabge min kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba.

Ina tsaye a wurin komai ya dawo min. Shekara uku da suka wuce salansa ta fara ƙara, na kai wa bakaniken da na yi shekara da shekaru ina kai wa, ya ce in bar ta ta kwana biyu. Bayan na karɓo da 'yan kwanaki fitilar inji ta kama, aka sa kwamfuta ta nuna P0420. Ya ce min sensa ce kawai, tsufa ne, kar in damu, har ya ce in ina so ya cire min ƙwan fitilar. Alhali lambar nan abin da take faɗa shi ne katalis ba ya aiki yadda ya kamata, sensa ɗaya tana gabansa ɗaya tana bayansa, idan ta bayan ta ga hayaƙi ya wuce yadda ya shigo sai ta kai ƙara. Motar gaskiya ta faɗa min, mutumin da na yarda da shi ne ya ce kar in saurare ta. Shekara uku ina shaƙar warin nan a cunkoso, yara na baya suna cewa mota na wari ina cewa su ɗaga gilashi. Kuma da yake fitilar kullum a kunne take, ranar da koyil ɗaya mai ba fulogi wuta ya mutu ban sani ba sai da ta fara karkarwa a kan hanya da dare, da iyali a ciki.

Shi ya sa yanzu in aka tambaye ni ko a sayi tsohuwar mota nake ɗan jinkiri kafin in ba da amsa, duk da ita kanta motar ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, gobe in na samu irinta mai lafiya zan saya. Abin da ya ƙona min rai ba kuɗin da aka zabge ba ne kaɗai, a'a, na sha tura wa bakaniken nan 'yan uwa da abokai, yanzu ina ta lissafin motoci nawa ne suka kwana a garejin nan ta dalilina. Na je na same shi, ya rantse ya ce haka na sayo ta, ni kuma ba ni da shaida sai layin walda, shi ma layin ya tafi tare da motar. Na kira ƙanena da ya fi kowa kai masa mota, na ce ranar Asabar ya zo da ita mu shiga ƙarƙashi mu duba.