Rumfar kifin Inna a Mirya: daɗi na nan, tapkin ne ya ja baya

Lahadin da ta wuce na hau moto na tafi Mirya cin kifi. Kilomita 18 ne daga Zinder a kan gudron ɗin da ke zuwa Gure da Diffa, kafin injin ya yi zafi ka isa. Rumfar da nake nufi ba ta da allo, ba ta da suna. Wata dattijuwa ce kowa ke ce wa Inna, da kaskonta da benci biyu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Tun ina ɗan lakwal babana ke kawo ni nan ranar kasuwa. Lokacin kana zaune a bencin kana hangen ruwa da garake, da yara masu fatsa. Yanzu abin da ke gabanka katangar bulo ce da ƙofar ƙarfe shuɗiya, sai ka miƙe ka leƙa ta lungu kafin ka ga ruwan. Fili ya yi tsada a Zinder, balle tun da aka buɗe jami'a a 2010, matatar man fetur ta SORAZ ta biyo baya a 2011. Ga wahalar ruwan da duk ɗan Damagaram ya sani. Shi ya sa ma'aikata ke sayen fili a nan, su kwana Mirya su yi aiki birni. Mirya, garin da ya yi sarautarsa ta Sosebaki, tsohuwar masarautar yankin, yau wasu na maganarsa kamar wata unguwar Zinder.

To, kifin. Na ce a ba ni karfasa biyu da tarwaɗa ɗaya. A gabana ta tsaga su, ta shafa gishiri da tafarnuwa, ta saka a man gyaɗa mai tafasa. Fatar ta yi ƙamas-ƙamas, cikin kuwa fari tas, yana rabuwa da ƙaya da kansa. Yajinta shi ne sirrin: akwai ƙuli-ƙuli da citta, ba ya ƙona baki, sai can baya ka ji shi a maƙogwaro. Ta haɗa mini da garin rogo jiƙaƙƙe da albasa. Jika ɗaya da rabi na biya. Tarwaɗar dai ta sha mai da yawa, ban gama ta ba.

Na ce, “Inna, na tapkin nan ne?”

Ta yi dariya. “Ɗana, wane tapki? Wannan daga Gidimuni aka kawo mini da asuba. Masu fatsar da ka sani duk sun koma kabu-kabu.”

Abin da ya ɓata mini rai shi ne jira. Kasko ɗaya ne, ga masu motoci na aiko yara da kuloli, ana sallamarsu kafin mu da ke zaune. Na fi minti 40. Ruwan wanke hannu ma buta ɗaya ce ke yawo tsakanin mutum goma, ba sabulu.

In za ka je, kada ka zaɓi Lahadi, kuma ka isa kafin azahar, karfasa ba ta kai la'asar. Ka riƙe canji da sabulunka. Ni Laraba zan koma, ta ce za ta ajiye mini manya biyu.