Na gwada wani kunshin koyar da jigo zango guda, ga yadda muka ƙare da shi

Duk malamin adabin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan ƙaramar sakandare ya ce "mene ne jigon labarin nan?" ya san irin shirun da ke biyo baya. In ka ci sa'a wani ya ɗaga hannu ya kwaso labarin kaf tun daga farko ya sake ba ka kamar kai ba ka karanta ba, wata kuma ta miƙe ta ce "Malama jigon shi ne haƙuri" ta koma ta zauna abinta kamar ta sauke farali. Na daɗe ina fama da wannan abin wlh, har na fara zargin kaina ko ni ce ban iya bayani ba. Shi ya sa da wata abokiyar aikina ta nuna min wani kunshin darussa da ake sayarwa a intanet, wai na koyar da yara gano jigo a gajerun labarai da ƙagaggun littattafai, ban yi wata-wata ba na saya na sauke a waya.

Abin da ke ciki: littafin jagorar malami, gajerun labarai guda 10, takardun aikin ɗalibai da za ka buga a firinta, wasu katuna da ake yankawa, sai 'yan bidiyoyi gajeru, sai kuma takardar amsoshi wadda zan dawo kanta don ita ce ta fi ɓata min rai. Daga shafin farko za ka gane don makarantun Amurka aka tsara shi, 'yan aji 6 zuwa 8, wato yara masu shekara 11 zuwa 14, kuma kowane darasi an liƙa masa lambar ma'aunin karatunsu da ake kira Common Core, wato jerin abin da ake son ɗalibi ya iya a kowane aji, da suka fitar a 2010. A tsarin nasu ɗan aji 6 ya gano jigo ya nuna ƙananan bayanan da suka ɗauke shi, ɗan aji 7 ya bi yadda jigon ke girma a tsawon labarin, ɗan aji 8 kuma ya haɗa shi da taurarin labarin da wurin da ya faru da zubinsa. Lambobin ba ruwana da su, amma wannan hawa-hawan ya yi min, don mu yawanci tambaya ɗaya muke yi wa kowane aji mu ce sai sun amsa iri ɗaya.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi kaɗai ma ya isa in ce ban yi asara ba, shi ne darasin farko da ya raba maudu'i da jigo. Maudu'i kalma ce ɗaya ko biyu, kamar abota, kishi, tsoro, cin amana. Jigo kuwa sai ka faɗi cikakkiyar jimla, me labarin yake cewa game da abotar? Katunan nan haka aka yi su, wasu kalma ɗaya ce a jiki, wasu taƙaitaccen labari, wasu jimlar jigo, sai ka zube su a tebur yara su rarrabe su kashi uku suna gardama. Kai, ranar ajina ya koma kasuwa amma kasuwa mai amfani, don wani yaro da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa shi ya dage cewa katin da aka rubuta "yaron ya gudu daga gida ya dawo" ba jigo ba ne tunda abin da ya faru ne kawai. Akwai wata 'yar doka da suka sa, in akwai sunan tauraro a jimlarka to ba jigo ka rubuta ba, labari ka maimaita. Ƙaramar doka ce amma ta kashe min rabin matsalar.

Tsarin koyarwar kuma ya samo asali ne daga wanda masana ilimi Pearson da Gallagher suka bayyana tun 1983, malami ya fara yi yara na kallo, sai a yi tare, sai su yi su biyu-biyu, sannan kowa ya yi shi kaɗai. Ba sabon abu ba ne amma jagorar ta rubuta maka yadda za ka yi tunani a fili gaban aji, kana karantawa kana cewa "to nan me ya sa ta yi shiru, ɗazu fa ba haka take ba", kuma gaskiya da farko kunya na ji kamar mai sambatu, sai daga baya na ga yaran sun fara kwaikwayona. Sun kuma tuna mana binciken Mary Budd Rowe na shekarun 1970, wadda ta gano malamai kusan daƙiƙa 1 kawai suke jira bayan sun yi tambaya, alhali in an kai daƙiƙa 3 amsoshin sun fi tsawo kuma yara da yawa suna shiga. Na gwada ƙirgawa a zuciyata, ashe daƙiƙa 3 gaban yara masu zuba maka ido tana da nisa.

Tambayoyi uku suke maimaitawa a kowane labari: me babban tauraro yake so, me ya tsaya masa a hanya, kuma ya ya canza daga farko zuwa ƙarshe. Ta ukun ce mabuɗin. In yaro ya iya faɗin yadda tauraron ya canza da abin da ya canza shi, jigon ya riga ya zo bakin ƙofa.

To yanzu takardar amsoshi. Akwai wani labari a ciki na yarinyar da ta fasa tabarau ɗin kakarta ta ɗora wa ƙaninta, ƙanin ya san ita ce amma bai ce uffan ba ya karɓi hukuncin, ita kuma kwana da kwanaki ta kasa haɗa ido da shi. Yawancin aji suka rubuta ƙarya ba ta da kyau, wanda dama shi na zata. Sai wata yarinya daga baya ta ce "Malama ni a ganina labarin cewa yake shirun wanda ka zalunta ya fi duka zafi", kuma ta nuna wurare uku a labarin, inda ƙanin ya miƙo mata fensir bai kalle ta ba, inda ta kasa barci, da inda ta ce gara ma ya tona ta. Tsigar jikina sai da ta tashi. Na duba takardar amsoshi, amsa ɗaya tal suka sa, wai faɗin gaskiya ya fi, kuma ma'aunin makinsu in ka bi shi ido rufe yarinyar nan rabin maki za ta samu, mai "ƙarya ba kyau" ya cinye duka. Haba. Su da kansu a shafin gabatarwa suka ce labari ɗaya zai iya ɗaukar jigo fiye da ɗaya muddin akwai hujja daga cikinsa, sai suka zo wajen maki suka manta da maganarsu. Kuma kusan duk amsoshin nasu haka suke, wa'azi ne, kada ka yi kaza, ka riƙa yin kaza. Jigo ba dole ne ya zama nasiha ba, wani labarin nuna maka yake yadda mutane suke kawai ba tare da ya ce ka gyara komai ba, kuma yaran da suka taso da labaran da ake rufewa da darasi dama can nan suke karkata, kamata ya yi kunshin ya janyo su daga nan amma sai ya ƙara tura su. Na ba ta cikakken makinta, na cusa takardar amsoshin a ƙasan durowa.

Ɓangaren ƙagaggen littafi shi ma bai cika ba. Shafuka kaɗan ne, an ba ka wani jadawali yara su riƙa rubuta abin da ya maimaitu a kowane babi, shi ke nan. Littafi mai babi 20 ba gajeren labari ba ne da aka ja shi, akwai babban jigo akwai ƙananan jigogi, wani ma sai tsakiyar littafi yake ɓullowa, kuma yaro ɗan shekara 12 ya kai babi na 15 ya manta abin da ya faru a na 3. Ni na ƙara nawa, duk bayan babi uku kowa ya rubuta hasashen jigonsa a bayan littafin rubutu da kwanan wata, in mun ci gaba ya gyara ko ya soke, a ƙarshe su ga yadda tunaninsu ya yi ta sauyawa. Masu kunshin sun kuma cika son wani zane mai siffar dala da ke nuna yadda labari ke hawa ya sauka, wato dalar Freytag, Bajamushen da ya zana ta a 1863, matakai biyar daga gabatarwa zuwa ƙololuwa zuwa warwara. Don wasan kwaikwayo ya yi ta tun asali, kuma ba kowane gajeren labari ne yake zama a cikinta ba, biyu daga cikin nasu ma sai da muka yi ta dannawa kamar mai cusa ƙafa a takalmin da ya matse.

Bidiyoyin ba wani abin a zo a gani, mai maganar sauri take yi kuma babu rubutu a ƙasa, sau ɗaya na kunna ban sake ba. Takardun aikin an cika su da ado da kala, in ka buga baƙi da fari wasu akwatunan duhu suke yi ba a ganin rubutu, ga cin tawada. Labaran kuma da Turanci suke, mai koyarwa da wani harshe sai ya fassara ko ya kawo nasa, ni daga labari na biyar nawa na riƙa kawowa ina bin tambayoyinsu, kuma ya yi aiki lafiya lau.

In maki biyar ne zan ba kunshin uku da rabi. Sabon malamin da bai san ta inda zai kama ba zai amfana sosai da darussa huɗun farko da katunan, wanda ya daɗe a aji kuma ya ɗauki dabarar ya bar sauran. Zango mai zuwa da 'yan aji ɗaya zan fara, amma sai na sake buga katunan a takarda mai kauri, don waɗancan ko sati biyu ba su yi ba suka yage a hannun yaran wajen gardama.