Ƙara 3600 da hannu ko kiran sunan yanki?

Malam, ka tambayi wanne ya fi wajen mayar da lambar timestamp kwanan wata: ka ƙara mata daƙiƙa 3600 (awa ɗaya) ta zama agogon Najeriya, ko ka ba ta sunan yanki irin Africa/Lagos.

Ita lambar ba ta da gari. Adadin daƙiƙun da suka shige ne tun 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi. Ɗauki 1700000000: a Kano ƙarfe 11:13 na daren 14 ga Nuwamba 2023 ne, a Makka kuwa 1:13 na dare, an riga an shiga 15 ga wata. Lamba ɗaya, kwana biyu.

Ƙarin 3600 yana aiki muddin masu shiga shafinka ba su wuce Najeriya da Nijar ba, don mu ba ma taɓa agogonmu, rani da damina awa ɗaya muke gaban UTC. Amma ka ɓata lambar. Ranar da wani ya sake bi da ita ta date() na PHP a sabar da aka saita kan agogon Legas, awa biyu ke nan aka ƙara, kuma sai an sha wuya kafin a gano inda matsalar ta shigo.

Sunan yanki kuwa yana tafe da tarihin agogon wurin. Masu kallon Firimiya sun san zancen: wasan ƙarfe 3 na Ingila, a watan Agusta ƙarfe 3 muke kallonsa, a Disamba ƙarfe 4, saboda suna tura agogo gaba daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Europe/London ya san da haka. Sudan ma ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya a Nuwamban 2017, duk wanda ya kafe +3 a manhajarsa sai da ya koma gyara.

Ni dai na biyun nake bi. Ajiye lambar yadda take, sai wajen nunawa ka juya ta: a PHP da DateTimeZone, a JavaScript da toLocaleString tare da timeZone.

Af, ka kula: PHP da daƙiƙa yake lissafi, JavaScript kuwa sai ka ninka da 1000. In ka manta, new Date(1700000000) zai kai ka 20 ga Janairu 1970.